Na Ƙwace Wayar Ɗan Farina, Yanzu Ba Mu da Hanyar Magana

Assalamu alaikum Hajiya Anisatu mai filin shawara.

Ki taimake ni, kuma ki sani wannan kalmar ba ta saba fitowa daga bakina ba. Ni mutum ne da ya tashi da ƙafarsa. A aji uku na bar sakandare, ba don kai ya ƙi ɗauka ba, sai don mahaifina ya kwanta ciwo, babu mai ciyar da gida. Na yi dakon doya a kasuwar Salaga har gashin tsakiyar kaina ya zube, bai sake fitowa ba. Na yi yaron mota, na yi dillanci. Yau ina da rumfar doya tawa ta kaina, da motocin kaya da ke tsallake ruwan Yeji zuwa Kumasi, da gidan bulo mai rijiyar burtsatse wadda rabin unguwa ke ɗiba kyauta. Na kai mahaifiyata Makka kafin Allah ya karɓe ta, ni ma na je. Babu ɗan siyasar da ya ɗaga ni, babu bankin da ya san fuskata a lokacin. Dagbanci da yaren Asante a kasuwa na koye su, Turancin da nake ciniki da shi kuwa a bayan mota na ƙarasa shi. Ban faɗi wannan don fahariya ba. Na faɗa ne don ki san wanda ke tambayarki ba rago ba ne, kuma ba yaro ba ne. Amma ga wata 'yar waya da ba ta kai tafin hannuna ba ta tsaya mini a wuya.

Sai na fara gaya miki yadda gidanmu yake, in ba haka ba ba za ki gane ba. Mu jikokin fataken goro ne. A zango, unguwanninmu na Hausawa a nan, yanzu an saki abubuwa da yawa, Hausar ma an gauraye ta da Turanci da Dagbanci har ba ka san inda ta dosa ba, amma mu a gidanmu mun riƙe kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. In akwai magana, sai ta bi ta bakin wani. Haka mahaifinmu ya yi wa yayata, Yaya Alimatu, wadda ita ce 'yar farinsa, har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta ba. Haka na tarar, haka na yi. Da aka yaye ɗana na fari, Yaya Alimatu ta ɗauke shi riƙo zuwa Yendi inda take aure. A can ya girma, ita yake kira Mma, a can yake sakandare, bana zai shiga ajin ƙarshe. Ni dai nawa shi ne in aika abin da ake bukata. Ko a wayata, inda aka ce a sa suna, "Yendi" na rubuta.

To, shekaran jiya a shekaru, wato bara waccan, kawunsa Rafiu, ƙanin uwarsa mai sayar da albasa a Bawku, ya saya masa waya babba. Ba a shawarce ni ba. Wata ranar kasuwa ina tsaye ana lodi, sai na ji wayata ta yi ƙara. Na duba, saƙo ne daga "Yendi", wai salamu alaikum Baba, ya aiki. Hajiya, na ajiye wayar a kan buhu na zagaya rumfa na dawo, saƙon yana nan. Ban san hukuncinsa ba. Mahaifina bai bar mini wasiyya a kan wannan ba, don a zamaninsa babu abin. Magana ce ko ba magana ba ce? Murya dai ba ta fita ba, ido bai haɗu da ido ba, suna ba a kira ba. Daga ƙarshe na danna masa hoton babban yatsa na kashe wayar.

Daga nan abu ya miƙe. Yau ya turo hoton doya a kasuwar Yendi yana tambaya wannan wace iri ce, puna ko laribako. Gobe ya tambayi yadda ake gane doyar da ta fara ruɓewa daga ciki alhali bayanta lafiya lau. Ni kuwa da yatsa ɗaya nake rubutu, amma sai in ga na cika fuskar waya da bayani. Abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba na rubuta masa, har labarin ranar da jirgin fito ya lalace da mu a tsakiyar ruwa, doya na zufa a mota, ni ina zufa a waje. A nan na gano yaron yana da barkwanci. Ya taɓa turo mini hoton wani rago mai sanƙo ya rubuta a ƙasa wai shi ma dakon doya ya yi. Na yi dariya har ma'aikatana suka juyo. Shekara goma sha bakwai ina da ɗa, ban san yana iya ba mutum dariya ba.

Wannan dogon hutun sai ya zo Salaga wurinmu. A tsakar gida muna nan yadda aka sani: ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, ya tashi. Amma yana shiga ɗaki sai in ji wayata ta motsa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, muna hira ta cikinsa. Uwarsa ta gane, ta yi kamar ba ta gani ba.

Sai dai zuwan nan nasa ya nuna mini ɗaya fuskar abin. Wayar ba ta barin hannunsa. Yana cin tuwo da dama, hagu na shafa gilashi. A kira salla, sai an tayar sannan ya shigo da gudu ruwan alwala na ɗiga. Ƙannensa, Hikmat da Nazif, sun manne masa kamar ƙuda a kan mangwaro, kawuna uku a kan waya ɗaya, aike ya gagara a gidan. Idonsa kullum ja. Yaya ma ta riga ta faɗa wa uwarsa sakamakonsa na zangon karatun da ya wuce ya ja baya. Duk ina gani, ina haɗiyewa, don ba ni da bakin yi masa faɗa.

Ranar da abin ya fashe, ya fito zai je sayen kati, ya toshe kunnuwansa da 'yan fararen abubuwan nan na jin sauti, kai a sunkuye. Ya wuce ta gaban Malam Idirisu, dattijon unguwarmu, abokin mahaifina, mutumin da ya raɗa mini suna. Bai gaishe shi ba. Malam da kansa ya ɗaga murya ya gaishe da yaron, yaron bai ji ba, ya wuce. Tsohon nan ya dogara sandarsa har rumfata, a gaban ma'aikata da masu saye, ya ce ya zo ne ya ji sabon tsarin da aka fito da shi, tunda yanzu su ne ke gaishe da jikoki, ko akwai kuɗin da ake biya kafin a amsa. Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Na koma gida na kafa doka: duk wayar yaro a gidan nan ta shiga kwalla a ɗakin uwarsu, a rufe, sai hutu ya ƙare. Uwarsa ta tafi suna a wata unguwa, ni kuma raina ya ɓaci, ba zan iya jira ba, kuma ba zan iya gaya masa da bakina ba. Sai na aiki Hikmat. Yarinyar da ya girme ta da shekara huɗu, ita ta je ta tsaya a kansa ta ce Baba ya ce ka kawo wayarka. Kuma na san Hikmat, ba za ta faɗe shi babu gishiri ba. Bai yi musu ba. Ya cire ta daga caji ya miƙa mata.

Sai da gari ya waye na gane abin da na yi. Na ɗauki wayata zan rubuta masa dalili, sai na tuna inda saƙon zai sauka: cikin kwalla, ƙarƙashin murfi. Tun daga ranar yana gaishe ni, ina amsawa, shi ke nan. Yana zuwa salla a kan lokaci, yana cin abinci babu waya a hagu, ana aikensa yana zuwa. Duk abin da na nema na samu. Amma gidan ya yi mini shiru kamar an yi rasuwa. Saƙonsa na ƙarshe yana nan ban amsa ba, don ranar ina cikin lodi: ya tambaya ko zan bar shi ya bi mota zuwa Kumasi sau ɗaya kafin ya koma, ya ga jirgin fiton nan da idonsa.

Na nemi shawarar manya, sai suka ƙara rikita ni. Yaya Alimatu ta kira daga Yendi ta wanke ni tas, wai ɗanta ne, wa ya ba ni izinin hukunta shi ban sanar da ita ba. Da ta gama sai ta ce tunda na riga na karɓa, in jefa wayar a masai, dama ta gaji da ita. Rafiu kuma ya kira daga Bawku ya ce mu mutanen Salaga daɗi ne ya yi mana yawa. Su a can, da dokar hana fita da zaman ɗar-ɗar, duk abin da zai zaunar da saurayi a cikin gida godiya suke yi wa Allah a kansa. Ya ce kyautarsa ce, in mayar wa yaro abinsa. Na tambayi limaminmu ko kunyar ɗan fari ta hau kan saƙon waya, ya yi murmushi ya ce wannan al'ada ce ba shari'a ba, in tambayi tsofaffi. Tsofaffin kuma ba su san saƙon waya ba.

Da yake ni ba na yanke hukunci a kan kayan da ban taɓa ba, sai na sa abin gajerun bidiyon nan a wayata, da hannuna, ba wanda ya nuna mini. Na ce bari in ga me ke ciki. Bayan la'asar na zauna a rumfa, niyyata kallo ɗaya. Na ga wani a wata ƙasa yana haƙar doya da inji. Na shafa sama, ga raguna suna karo. Na sake shafawa, ga wani yana gyaran giyar babbar mota irin tawa sak. Ban ɗago kai ba sai da na ji kiran magariba, shayina ya yi sanyi, an gama lodin mota ba tare da na duba ko ƙwaryar doya ɗaya ba, abin da ban taɓa yi ba tunda na fara sana'a.

Shi ya sa nake tambayarki, Hajiya, don abin ya fi ba ni mamaki a kan haushi. Wane ne a ciki yake zaɓo wa mutum abin da zai gani? Ya aka yi ya san ni mai doya ne, ban gaya masa ba? In ni da furfurata ya riƙe ni haka, yaro fa? Sauran iyaye yaya suke yi, akwai awo ne kamar na magani? Kuma babbar tambayar: hutu ya kusa ƙarewa. In na mayar masa da wayar, na zama uban da 'yar ƙaramar yarinya ta ga ya janye dokarsa, kuma Malam Idirisu zai ji. In na riƙe, zai hau motar Yendi ba mu ce wa juna komai ba, ya gama makaranta ya shiga duniya, ni kuma in koma uban da ke aika kuɗin makaranta kawai. Na ɗanɗana ɗayan, ba na son komawa.

Abu na ƙarshe. Na ga kina ɓoye sunayen masu rubuto miki, kina sa musu "wani bawan Allah". Ni ba wani bawan Allah ba ne da ba a san shi ba. Ban yi sata ba, ban ci amanar kowa ba, ban taɓa ɓuya a bayan kowa ba. Ga sunana nan cikakke a ƙasa, da na mahaifina, da unguwarmu. Ki buga shi yadda na rubuta, kada ki rage ko harafi ɗaya.

Amsar Hajiya Anisatu

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara albarka a cikin abin da ka tara da guminka.

Sunanka ban buga ba, kuma ba don ina shakkar ka ba ne. Wasiƙar nan ba taka kaɗai ba ce. Akwai saurayi a cikinta wanda bai ce a kai labarinsa kasuwa ba. Ranar da sunanka ya fito, abokansa na Salaga da Yendi za su karanta a irin wayoyin da muke magana a kansu, su tura wa juna. Sauran sunayen ma duk na sauya su. Ka yi haƙuri da ni a kan wannan.

Tambayarka ta wane ne a ciki: babu mutum. Na'ura ce da ke lura da inda yatsanka ya tsaya. Ka daɗe a kan mai haƙar doya, ta kawo maka makamancinsa, ka wuce wani da sauri, ta daina kawo irinsa. An gina ta ne don kada a ajiye ta, kamar dillalin da ya karanci fuskar mai saye. Gwajin da ka yi shi ne abu mafi amfani a wasiƙarka, don yanzu ka san ba lalaci ba ne kawai ke damun yaron. Awo guda da ya dace da kowane gida kuwa babu. Abin da ake dubawa shi ne me wayar ke ci: barci, karatu, salla, gaisuwa, aikin gida. A wurin ɗanka ta taɓa dukkansu, saboda haka damuwarka gaskiya ce, kuma Yaya Alimatu ba ta yi ƙarya ba da ta ce ta gaji. Rafiu ma yana da tasa gaskiyar, sai dai gaskiyar Bawku ce. Kuma ko a can, yaron da ke zaune a ɗaki ba a san abin da yake kallo ba, ba a gama tsare shi ba.

Inda ka yi kuskure ba a dokar ba ne, a ɗan aiken ne. Saurayi zai iya haɗiye hukuncin uba. Abin da ke da wuyar haɗiyewa shi ne ƙanwarsa ta tsaya a kansa ta karɓe masa abu, da umarnin mutumin da jiya suke dariya tare. Shirun da kake ji ba lallai na rashin waya ba ne. Ina zaton yana tambayar kansa ko duk hirar nan da kuka yi ba ta kai komai ba a wurinka.

Ga abin da nake gani. Ka fara da Yaya Alimatu, don ita ta raine shi, kuma wurinta zai koma. Ka ba ta haƙurin tsallake ta da ka yi, ku daidaita a kan ƙa'ida ɗaya da za ta yi aiki a Salaga da Yendi. In ka samu sarari a cikin hirar, ka tambaye ta yadda ta ji da zama 'yar fari a gidan mahaifinku. Ba na cewa ka yar da al'adar gidanku. Kunya aka gina ta a kai, ba ƙiyayya ba, kuma na ga kana girmama ta. Amma ita ce kaɗai a danginku da ta san abin daga ɗaya gefen, kuma amsarta za ta fi tawa nauyi.

Sannan yaron ya je ya durƙusa gaban Malam Idirisu ya nemi afuwa. Uwarsa ce za ta gaya masa, ba Hikmat ba. Wannan zai wanke abin da ya faru a rumfa, kuma in ka mayar da wayar bayan haka, ba wanda zai ce ka janye. Laifi aka yi, aka gyara, hukunci ya ƙare.

Wayar ta dawo da sharaɗi kaɗan waɗanda za a iya riƙewa: ba ta zuwa wurin cin abinci, ba ta fita titi a kunne, in an kira salla a ajiye ta, kuma ba ta kwana a ɗakin da yake kwana. Kwallar nan ta ci gaba da aiki, amma daga bayan isha zuwa safe kawai. Lokacin kallon bidiyo, ka bar shi ya fara faɗin nawa yake ganin ya isa, ku yi ciniki, ai kai gwani ne. Abin da yaro ya sa bakinsa a ciki ya fi riƙe shi. Hikmat da Nazif ba su kai a ba su tasu ba tukuna, kuma kallon da suke yi a tasa ya zama a tsakar gida inda ido ke gani. Kada ka yi ƙoƙarin buɗe wayarsa a ɓoye. In kana son sanin abin da yake kallo, ka ce ya turo maka wanda ya fi ba shi dariya, kai ma ka tura masa mai haƙar doya da inji. Ka gaya masa yadda abin ya cinye maka la'asar ɗinka. Ba zai raina ka ba. Zai gane dokar ba don an ɗauke shi sakarai aka kafa ta ba. In za ka iya, taka wayar ma ta riƙa shiga kwallar lokacin cin abinci, yara na ganin wannan fiye da yadda suke jin faɗa.

Amma duk wannan kada ya bi ta bakin kowa. Ka rubuta shi da yatsanka ɗaya, ka tura tun wayar tana cikin kwalla, don ya zama shi ne farkon abin da zai gani idan ya kunna ta. Kuma kafin sharuɗɗan, ka fara amsa masa tambayar da ya bar maka. Ka ce masa ya shirya, motar Kumasi za ta tashi da shi, kai ma kana ciki. A gaban mota mutum biyu hanya suke kallo, ba juna ba, ba sai an kira sunan kowa ba. Tsakanin Salaga da bakin ruwa akwai tafiya, kuma jiran jirgin fito ka fi ni sanin tsawonsa. In magana ta zo, ka bar ta ta zo. In ba ta zo ba, ka nuna masa inda jirgin ya tsaya da ku a wancan karon, ya ishe ku na farko.

Kada ka bari ya hau motar Yendi kafin wannan. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba shi sa'ar jarrabawa, ya kai ku Kumasi lafiya ya dawo da ku lafiya.